Ba-Birki da Koren Wake

Yayana direban babbar mota ne tun kafin in yi wayo. Shi ne na fari a ɗakinmu, ni ce auta, don haka abin da na fara sani game da shi ƙarar hon ce daga bakin titi, sai warin man dizal da yake shigo da shi ɗakin mahaifiyarmu. A tasha ba mai kiran sa da sunan yanka, Ba-Birki suke ce masa. Ba wai gudu yake yi ba, a tuƙi ya fi kowa lallaɓawa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. In ya fara ba da labari, sai dai ka tashi ka bar masa wurin.

Yana saurayi ya bar makaranta ya bi mota. Maigidansa na farko bai bar shi ya taɓa sitiyari ba sai da ya daɗe yana ɗaurin kaya, yana hawa kan lodi da igiya a kafaɗa, rana na dukan ƙeyarsa. A nan ya koyi abin da ya fi alfahari da shi har ya tsufa. Yakan ce kowane kaya da halinsa: buhu in ka matse shi zai zauna, ganga kuwa tana jiran kwana ne kawai ta gudu, katako kuma ba ya nuna maka zai zame sai ya zame. Ya yi shekara talatin da wani abu a hanya, kuma ko tsinke bai taɓa faɗo masa daga mota ba. Wannan magana mun ji ta har mun haddace.

Abincinsa na hanya ne: shayi mai kauri da sukari kamar za a yi gini da shi, burodi, nama, lemon kwalba. Ganye kuwa ko a miya ya gan shi sai ya ture shi gefen kwano da ɗan yatsa. Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Maman Biyu saboda tagwayen da suka haifa, ta yi faɗa har ta gaji. Tela ce, kekenta na jikin tagar falo, kuma takan ce ta fi samun biyayya a wajen allura.

Wata rana da tsakar rana, a hanya miƙaƙƙiya, ya hango wani duhu a gefen titi, ya ɗauka inuwar bishiya ce. Sai da ya zo daf ya gane amalanke ne, da mutum yana turawa. Ya kauce, bai taɓa kowa ba. Ya faka motar, ya sauko, ya ɗan jingina da taya. Ya kai kayan inda aka aike shi, ya dawo a hankali, ya miƙa wa mai motar makulli da hannunsa. Ba wanda ya kore shi. A asibiti likita ya ce ciwon sukari ne, kuma ya riga ya taɓa idon. Ya rubuta magani, ya ce a rage sukari, a riƙa tattaki, a riƙa cin ganye da kayan lambu.

"Ka ji ko?" in ji Maman Biyu a hanyarsu ta dawowa.

Bai tanka ba. Wannan shirun ne ya fi tsorata mu. Mutumin da ba a iya tsayar da bakinsa ya koma zama a kan benci a ƙofar gida, hannuwansa a kan gwiwa, in babbar mota ta wuce can kan titi ya karkata kai yana sauraren injinta. Nakan biyo ta gidan da yamma in na tashi daga aiki. In gaishe shi, ya ce, "Auta, kin dawo?" Shi ke nan hirar.

Bayan gidan akwai wani ɗan fili tsakanin bangon kicin da katangar maƙwabcinsu Kafinta. Yaya ya taɓa auna shi da ido ya ce tsawon mota ɗaya ne, faɗin mota da rabi. A nan Maman Biyu take da lambunta: tumatir, tattasai, alayyafo, da wani tsohon bokiti da albasa ke fitowa a ciki. 'Yarsu, ɗaya cikin tagwayen, tana aiki a shagon sayar da iri da taki. Da ta ji abin da likita ya ce, sai ta kawo wa uwar ƙullin iri na koren wake, irin wanda ake tsinka tun yana ɗanye a ci da kwansonsa. Ta ce mai hawa ne, yana son abin kamawa.

Maman Biyu ta shuka shi a kunya ɗaya kusa da bangon kicin. Ya fito da kyau, ya yi ganye, ya fara miƙa kai yana laluben iska. Ta kakkafa masa 'yan sanduna masu tsawon gwiwa, ta ɗaure su da ƙyallayen da suka rage mata a ɗinki. Cikin 'yan kwanaki waken ya ƙure sandunan, ya zubo ƙasa, ya bi ta kan tattasai ya shaƙe shi, ganyen ƙasa suka fara rawaya saboda laka.

Ina wajen ranar da Yaya ya zagayo bayan gida neman buta, ya tarar da ita tana fama. Ya tsaya, ya sunkuya, ya shafa ƙullin da ta yi.

"Wa ya yi wannan ɗaurin?"

"Aljanu," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"Wannan ai ko ɗan kwali ba zai riƙe ba."

"To, Baban Biyu, ga fili ga wake. Ni ɗinkin mutane na jira na." Ta kakkaɓe hannu ta shige ciki. Da ta wuce ta gabana ta kashe mini ido ɗaya.

Washegari da safe ya tafi wajen mai walda, ya dawo da guntayen rodi da wayar ƙarfe. Ya yini yana buga rodi da guduma, ya ja waya layi-layi, ya ɗaure ta tamau har in ka taɓa tana ƙara. Ya ɗaga yaɗon waken ɗaya bayan ɗaya ya ɗora. Aikin ya yi kyan gani. Amma bangon kicin yana tara zafi, ƙarfen kuma da rana ta take sai ya zama kamar an ciro shi daga murhu. Kawunan waken masu laushi suka ƙone, waɗanda suka tsira kuma suka riƙa sulɓewa, don wayar ba ta da kaushin da za su kama.

"Matarmu, kada ki yi masa dariya," na ce da ita a kicin.

"Ni? Ina ruwana. Cewa kawai na yi ya taya ni murna, mun sami wajen shanya."

Ya ji ta, don tagar a buɗe take. Na zaci zai koma benci. Sai kawai na ji ya ce, "Laifina ne. Na ɗauki ɗanyen kaya na yi masa ɗaurin siminti." Rabon da in ji jimla mai tsawon haka daga bakinsa an kwana biyu.

Ya tumɓuke rodin. Ya sa Kafinta ya samo masa gora dogaye, waɗanda suka fi mutum tsawo da kamu uku ko huɗu. Ya jawo tsohon akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ya fito da igiyoyinsa na mota, masu kauri da sirara, duk sun yi baƙi da maiƙo. Ya wanke su da sabulu ya shanya. Ya kafa gorar a jere, ya ɗaura wata a kwance can sama, ya saukar da siraran igiyoyi daga ita zuwa gindin kowane wake. Idon ba ya ganin ƙananan abubuwa sosai, don haka da yatsu yake aikin, yana lalube, yana magana shi kaɗai.

Shi ya gano wani abu da ni ban taɓa lura da shi ba. Wata yamma ya kama hannuna ya ɗora a kan igiya.

"Shafa ki ji. Duk gefe ɗaya suke nannaɗewa. Jiya na juya wannan baibai da gangan, yau da safe na tarar ya warware kansa ya koma hannunsa. Ya fi wasu direbobin sanin doka."

Daga nan bakin ya buɗe. Kowa ya shigo gidan sai an kai shi bayan kicin. Mai kawo ruwa, masu karɓar ɗinki, har mai karanta mitar wuta sai da ya tsaya ya ji yadda wake ke hawa igiya. Yaya yana tashi da sassafe ya yi ban ruwa a gindi, ba ya yarda a jiƙa ganyen. Yakan auna tsawon da suka ƙara da tafin hannu. Kafin a jima gorar ta ɓace cikin ganye, abin ya zama kore shar kamar bango, tun daga ƙasa har sama, fararen furanni suka fara leƙowa.

Sai hadari ya zo wata ranar la'asar. Ina falo ina taya Maman Biyu cire zare daga wata riga. Iska ta fara buga ƙofofi, muka tashi rufe tagogi, sai muka ji wata ƙara daga baya kamar an karya itace, wani abu mai nauyi ya biyo baya. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yaya ya tsaya a ƙofar kicin yana kallon abin da ba ya iya gani sosai, amma ya san mene ne.

Da ruwan ya ɗauke muka fita. Bangon waken gaba ɗaya ya kwanta, ya fuskanci katangar Kafinta, ya danne tumatir ɗin Maman Biyu da ke daf da nuna. Gora biyu sun karye daga gindi, sauran sun tumɓuke saboda ƙasa ta jiƙe. Furanni sun watse cikin laka. Maman Biyu ta dubi tumatir ɗinta, ta buɗe baki, sai ta dubi fuskar mijinta, ta rufe.

Kafinta ya leƙo ta kan katanga. "Sannu, Direba. Allah ya mayar da alheri. In kawo adda mu share wajen?"

Yaya ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga lakar. Ya durƙusa ya fara bin gindin waken ɗaya bayan ɗaya da yatsu, tun daga wannan ƙarshe har wancan. Mun yi tsaye muna kallon sa. Da ya kai ƙarshe ya miƙe, hannuwansa duk taɓo.

"Ba su tsinke ba," ya ce. "Kaɗan ne suka karye, sauran lanƙwasa kawai suka yi. Saiwa tana nan. Kafinta, bar addar, kawo mini katako masu tsawo."

"Me za ka yi?"

"Tayar da shi zan yi."

"Baban Biyu, abin nan fa ya fi ƙarfin mutum huɗu," in ji Maman Biyu. "Ga ruwa ya sha."

"Na tayar da abin da ya fi shi nauyi ni kaɗai a daji. Wannan kuwa lodi na yi mai tsawo ban ja shi ta gefe ba, ko a mota ne kwanar farko zai kife. Ke dai ki ara mini idonki."

Bai bari a kwana ba, ya ce in ganyen ya daɗe a laka zai ruɓe. Ya ɗauko manyan igiyoyinsa guda biyu, ya ɗaure bakin kowace a jikin gorar sama, ya kai ɗaya bakin ya zagaya ta ƙarfen tagar kicin. A tsakiyar kowace igiya ya yi wani ɗan kunne, ya dawo da bakin ya zura ta ciki. Irin ɗaurin da direbobi ke matse lodi da shi ne, wanda ke sa jan mutum ɗaya ya yi aikin mutum biyu. Ya raba mana aiki kamar muna tasha. Ni zan shiga ƙarƙashi in riƙa warware yaɗon da ya sarƙe da tumatir. Kafinta zai riƙa tokarewa da katako duk lokacin da abin ya ɗaga. Maman Biyu za ta tsaya a gindi ta riƙa duba inda kara ke neman tsinkewa.

Ya ja igiyar farko. Gorar ta yi ƙara, ruwa ya zubo daga ganye a kaina, bangon ya ɗaga kamar kamu ɗaya.

"Tsaya," in ji Maman Biyu. "Na ukun nan ya miƙe da yawa."

Ya tsaya. Na rarrafa na sassauta shi. Kafinta ya cusa katako. Yaya ya ɗaure wannan igiyar, ya koma ɗayar ya ja. Haka muka riƙa yi, kamu bayan kamu, ita tana cewa ja, tana cewa tsaya, shi kuwa yana bin umarninta ba musu, abin da ban taɓa gani ba tun aurensu. Tafin hannunsa ya saluɓe a wuri ɗaya, ya naɗe da ƙyalle ya ci gaba. Zufa ta haɗe da laka a fuskarsa. Can rana ta kusa faɗuwa, Kafinta ya matsa baya ya riƙe ƙugu.

"Wallahi ya tsaya," ya ce a hankali.

Ya tsaya ɗin kuwa, a yamutse, ganye duk taɓo, amma a tsaye. Yaya ya zauna a kan bokitin albasa yana haki, yana dariya ƙasa-ƙasa. Maman Biyu ta shiga ciki ta kawo masa ruwa da kanta, ta riƙe masa kofin saboda tafin hannunsa da ya saluɓe.

Da gari ya waye ya gyara kuskurensa. Ya canza gorar da ta karye, ya zurfafa ramuka ya danne su da duwatsu. Sannan ya kafa wani jerin gora a inda tumatir ya mutu, ya karkato da su suka jingina da na farkon, kawunansu suka gitta juna a sama kamar rufin ɗaki, ya ɗaure kowace mahaɗa. Ya ja igiya daga kusurwoyi zuwa turaku a ƙasa, amma bai matse su tamau ba. Ya ce a bar wa abin wurin numfashi, in iska ta zo ya ɗan rausaya. Ya rage ganyen ƙasa don iska ta sami hanyar wucewa. A gindin sabon jerin ya ƙara shuka irin.

Kwana kaɗan waken ya yi lagwas kamar mai jinya. Daga baya ya farfaɗo, ya fitar da sabbin furanni da suka fi na farko yawa, ya haye saman ya fara gangarowa ɗaya gefen. Sabon shukan ya taso ya tarye shi. Wurin ya zama wata doguwar rumfa da mutum zai shiga ta nan ya fita ta can, ciki da sanyi da wani koren haske. Waken kuma duk ta ciki ya riƙa rataya, dogaye sirara, suna taɓa kan mai wucewa.

Hadari na gaba ya fi na farkon ƙarfi, har ya yaye kwano ɗaya daga rumfar Kafinta. Yaya ya jawo kujera ya zauna a ƙofar kicin tun da iskar ta taso. Rumfar waken ta karkata, ta dawo, ta sake karkata, igiyoyin suka miƙe suka saki. Ko gora ɗaya ba ta gusa ba. Da aka gama ya juyo ya dubi matarsa.

"Kin gani?"

"Na gani. Sai ka shigo, kada mura ta kama ka."

Tsinkar farko shi ya yi ta, da hannu biyu, ɗaya na riƙe kara ɗaya na cirewa. Ba ya buƙatar ido, da yatsa yake gane wanda ya isa. Ya karya ɗaya kusa da kunnena don in ji yadda yake ɓas. Maman Biyu ta soya shi sama-sama da albasa da ɗan gishiri. Muka zuba masa ido. Ya ɗiba ya tauna, ya daɗe yana taunawa.

"Ba laifi," ya ce. "Ai nawa ne, dole ya bambanta da na kasuwa." Ya miƙa kwanon a ƙara masa.

'Yarsa ta gaya masa cewa in ana tsinka a kai a kai waken zai ci gaba da haihuwa, shi kuwa ya ɗauki maganar da gaske. Gidan ya kasa cinyewa. Aka kai wa Kafinta, aka kai mini, masu karɓar ɗinki suka riƙa tafiya da ƙulli a saman kayansu. Da ya koma asibiti likita ya ce sukarin ya sauka sosai, idon kuma bai ƙara lalacewa ba, ko da yake abin da ya tafi ba zai dawo ba. Yaya ya karɓi maganar ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ya ma tsaya yana yi wa likitan bayanin gora har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce akwai mutane a layi.

Abokansa na tasha su uku suka zo duba shi wata rana, da alama sun shirya fuskar jaje. Suka tarar da benci ba kowa. Aka zagaya da su baya, suka same shi a kan tsani cikin ganye. Ɗaya daga cikinsu, wani mai ƙaton tumbi, ya yi dariya har da riƙe bango.

"Ba-Birki, kai ne ka koma lambu?"

"Shigo ciki tukuna."

Suka shiga. Mai tumbin ya kama igiyar kusurwa ya girgiza, ya bi ƙullin da yatsa, ya gane shi. Da za su tafi ya ja Yaya gefe, ya rage murya, ya ce shi ma likita ya yi masa irin wannan maganar ta sukari, ko akwai ragowar iri. Yaya ya ba shi, ya kuma yi alkawarin zuwa ya kafa masa gorar. Daga gidan mai tumbin aka kira Yaya wani gidan, daga can aka kira shi makarantar da jikarsa take, inda malamai ke son yi wa yara ɗan lambu. Yanzu in ka je neman sa da safe, sau da yawa sai a ce maka ya fita da igiyarsa.

Da lokacin sabon shuka ya zo, na tarar da su biyun a bayan kicin. Yaya yana taka filin yana nuna inda rumfa ta biyu za ta zauna, daga bakin ta farko har jikin katanga. Maman Biyu ta bar shi ya gama tsaf. Sannan ta tako tsakiyar filin, ta sa dugadugi ta ja layi a ƙasa daga wannan bango zuwa wancan.

"Nan naka, nan nawa. Bara ka cinye mini tumatir na yi shiru."

Ya sunkuya ya shafa layin, ya auna abin da ya rage masa da tafin hannu.

"Ki ƙara mini kamu biyu."

"Ɗaya. Shi ma sai ka ɗaure mini tumatir ɗin."

Ya ɗan yi tunani, ya juyo gare ni. "Auta, miƙo mini siririyar igiyar nan."